Yadda Ake Ɗaura Famfon Agaji na Mai a Jirgin Sama Haɗin Hannu, da Abin da Zafin Sakkwato Ke Ƙara wa Aikin

Duk wanda ya taɓa tsayawa a fadamar Kwalkwalawa da rani yana kallon mai albasa na fama da injin ban-ruwa, ya riga ya san rabin abin da zan faɗa. Inji na kuka lafiya lau, amma ruwa ya ƙi fitowa. Sai an duba a tarar tiyon da ke zuƙo ruwa daga rijiya ya ɗan tsage yana shaƙar iska, ko kuwa an girke injin a tudu, ruwa ya yi masa nisa. Famfo gwani ne wajen turawa, amma wajen zuƙowa ƙarfinsa kaɗan ne. Manomi zai kashe inji, ya naɗe tiyo da roba, ya sake tayarwa. Matuƙin da jirginsa ya bar titi da ƙafa 200 ba shi da wannan sararin.

Jirgin da nake magana a kai shi ne ƙarami mai kujera biyu, wanda ake sayen sassansa a akwati daga kamfani, mutum ya zauna ya harhaɗa da hannunsa bisa zanen da aka ba shi, irin su RV na kamfanin Van's da Zenith CH 750, duka daga Amurka. Kada a ɗauka abin baƙo ne a ƙasar nan. Air Beetle, wanda sojojin saman Najeriya suka yi shekaru suna koyon tuƙi da shi, a Kaduna aka harhaɗa guda 60 bisa zanen RV-6A. Saboda haka aikin ya taɓa yiwuwa a hannun mutanenmu, kuma ina da yaƙinin zai sake yiwuwa. Sai dai littattafan da ke zuwa da waɗannan sassa an rubuta su ne a ƙasashen sanyi. Wanda ya rubuta bai taɓa taɓa fiffiken alminiyam da ya kwana ya wuni a rana cikin watan Afrilu a Sakkwato ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa.

Mene ne aikin famfon agaji?

Injin jirgi yana da famfonsa na asali a jikinsa, wanda juyawar injin ce ke motsa shi. Famfon agaji kuwa na lantarki ne, batir ke ba shi wuta, matuƙi ke kunna shi da makunni. Aiki uku gare shi. Yana cika bututu da kafireta da mai kafin a tayar da inji, tun da famfon asali ba ya motsi sai injin ya juya. Yana karɓar aiki idan na asali ya mutu a sama. Na uku, wanda a wurinmu ya fi sauran nauyi, yana hana mai ya zama tururi a cikin bututu.

Ga yadda abin yake faruwa. Fetur ba abu ɗaya ba ne, gauraye ne, kuma sassansa marasa nauyi suna fara tafasa tun kafin zafi ya kai digiri 40. Duk ruwan da aka rage wa matsi kuma yana saurin tafasa. To famfon inji yana gaba, cikin zafi, yana zuƙo mai daga tankin da ke can baya a fiffike, zuƙowar nan kuwa rage matsi ce. Ƙara da cewa da jirgi ya hau, matsin iska na raguwa kusan rabin psi (ma'aunin matsi ke nan) a kowace ƙafa 1,000. Mai mai zafi, ana jan sa ta siririn bututu, ana hawa sama: sai kumfa ta tashi, famfo ya riƙa haɗiyar tururi, inji ya fara tari. Man jirgi na 100LL, mai launin shuɗi, an tsara shi da ƙarancin tururi, bai wuce psi 7 ba a ma'aunin da ake gwada shi. Fetur ɗin gidan mai ya fi shi saurin tashi, kuma na san mafi yawan masu irin wannan jirgi a nan da shi za su yi amfani saboda samu da tsada. Famfon agaji idan yana kusa da tanki, a ƙasa, a inuwa, turo man yake yi, sai bututun gaba ɗaya ya kasance cikin matsi, kumfa ta rasa hanyar tashi.

Zaɓen famfo

Injinka ne zai faɗa maka wanda za ka saya, don haka buɗe littafinsa kafin ka buɗe aljihu. Rotax 912 mai kafireta, ƙirar Ostiriya, yana son matsi tsakanin bar 0.15 da 0.4, wato psi 2.2 zuwa 5.8, masu sabon famfo kuma an ɗaga musu iyaka zuwa bar 0.5. Lycoming O-320 da O-360 masu kafireta suna karɓar psi 0.5 zuwa 8, an fi so a samu wajen 3. Amma ɗan'uwansu IO-360, mai fesa mai ba tare da kafireta ba, psi 14 zuwa 45 yake buƙata. Ka ga ke nan famfon wancan ba zai yi wa wannan ba. Idan ka sa mai ƙarfi a injin kafireta, zai rinjayi allurar da ke tare mai, kafireta ta cika ta tumbatsa, mai ya zuba a kan inji mai zafi. Idan ka sa mara ƙarfi a injin feshi, ranar da ka neme shi ba zai amsa ba.

Ga masu kafireta, ɗan famfon Facet mai siffar ɗan akwati shi ya fi yawa a hannun masu haɗa jirgi. Mai lamba 40105 ba ya wuce psi 4.5, shi ya sa ake yawan haɗa shi da Rotax, mai lamba 40108 kuma yana kai wa wajen 6, kuma bakinsa ya dace da bututun jirgi kai tsaye. Masu injin feshi sukan nemi na Andair, ko Airflow Performance, ko Weldon. Shawarata a nan ba ta da sassauci: kada ka je layin 'yan kayan mota ka sayi mai kama da shi. Siffar ɗaya ce, ana kwaikwayonta da yawa, kuma ba ka da hanyar sanin abin da ke ciki. Ka yi odarsa daga dillalin kayan jirgi, ka adana takardarsa.

Da ya iso hannunka, kafin komai, ka gwada abu ɗaya: shin mai yana ratsa shi alhali a kashe yake? Cikin dangin Facet akwai waɗanda aka yi su don su toshe hanya da zarar wuta ta ɗauke. A janareta wannan alheri ne. A jirgi, idan ka jera shi a kan hanyar mai, kashe makunni daidai yake da rufe tanki.

Inda zai zauna

A nan nake so ka ɓata lokaci. Famfo mai tsada a mugun wuri bai kai mai araha a wurin da ya dace ba.

Tsarin da aka saba a jirgi mai fiffike a ƙasa shi ne: mai ya fito daga tanki, ya bi ta bawul ɗin zaɓen tanki, ya shiga mataci, ya shiga famfon agaji, ya ratsa allon ƙarfen da ya raba ɗakin matuƙi da inji, ya isa famfon inji, sannan kafireta. Ka ɗauki alli ka zana wannan a ƙasan rumfarka, ka ajiye kowane abu a gurbinsa ka duba, kafin ka huda ko rami ɗaya.

Sharaɗi na farko, ya zauna ƙasa gwargwadon iko, daidai da gindin tanki ko ƙasa da shi, yadda mai zai gangaro masa da kansa. Kuma ka tuna jirgi ba a kwance yake tashi ba. Idan hanci ya ɗaga, duk abin da ke gaba ya hau sama, tanki ya koma ƙasa. Famfon da ka ga yana daidai da tanki a rumfa, yana iya zama ya fi shi tudu da taƙi guda a lokacin hawa, lokacin da inji ya fi shan mai. Saboda haka matso da shi baya, kusa da bawul, ya fi a kai shi gaba.

Na biyu, ya kasance a bayan allon nan, ɓangaren sanyi. Wasu suna ɗaura shi a ɗakin inji su yi masa ɗan akwati da tiyon iska mai sanyaya shi, kuma a ƙasarsu yana yi musu. Ni ban yarda da wannan ba a Sakkwato. Iskar da za ka hura masa ita kanta digiri 42 ce, sannan idan ka sauka ka kashe inji, iska ta tsaya cik, zafin silinda da na salansa ya taru a ƙarƙashin murfi ya dafa duk abin da ke wurin. Bayan minti ashirin ka zo tashi, man da ke cikin famfon ya riga ya zama tururi. A ƙasan ɗakin matuƙi, ƙarƙashin murfin da ke tsakanin ƙafafu, nan ne gurbinsa a yawancin RV. Illarsa ita ce mai na ratsa inda kake zaune, don haka kowane mahaɗi sai ya zama ba ya ko gumi, kuma a rufe wurin yadda takalmi ko jaka ba za su taɓa bututu ba.

Na uku, hanyar da ke tsakanin tanki da famfo ta zama gajera, mai faɗi, mara lanƙwasa da yawa. Kowace gwiwa mai kusurwa, kowane matsattsen mahaɗi, rage matsi yake yi, a daidai inda ba a so. Kada bututu ya hau ya sauko kamar doron raƙumi, don a ƙololuwar nan kumfa ke taruwa ta zauna. Na'urar auna yawan man da ke wucewa, idan kana da ita, bayan famfo ake sa ta, saboda ƙofarta ƙarama ce.

Matacin da ke gaban famfo shi ma kada ya cika ƙanƙantar ido. Facet na son mai ido wajen maikiron 74 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Na takarda irin na babur bai dace ba: yana toshewa da wuri, ruwa na kumbura shi, jikinsa na roba ne. Nemi na ƙarfe mai raga da ake kwancewa a wanke, ka sa shi inda hannunka zai kai ba tare da ka kwance rabin jirgi ba, don da ƙurar hunturunmu za ka riƙa buɗe shi fiye da yadda littafi ya ce.

Wajen ɗaurawa, bi kibiyar da ke jikinsa, ita ke nuna inda mai ya nufa. Facet an fi so bakin fitarsa ya ɗaga sama kamar digiri 45, domin kumfar da ta shiga ta samu mafita. A ɗaure shi da noti mai kulle kansa a jikin ƙarfe mai ƙwari. Fatar jirgi siririya ce, idan a kanta zai zauna sai an ƙara mata faranti, in ba haka ba bugun famfon zai tsaga ta a hankali.

A jere ko a gefe?

Hanya biyu ce. Ko dai duk man ya ratsa ta cikin famfon agaji kullum, ko a yi masa 'yar hanya ta gefe mai bawul da ke barin mai ya wuce gaba kawai. Ta farko ta fi sauƙi, mahaɗanta kaɗan ne, kuma ta isa idan famfon na barin mai ya ratsa a kashe. Ta biyu tana ba mai hanya ko da famfon ya toshe, amma ta ƙara mahaɗai, kuma idan ka juya bawul ɗin baibai, ko datti ya hana shi rufewa, famfo zai riƙa zagaya mai a wuri ɗaya, geji bai motsa ba. Famfunan injin feshi galibi suna zuwa da tasu hanyar gefe a haɗe. Abin da mai zanen jirginka ya zana, shi za ka bi. Sau da yawa matsalar mai a jiragen haɗin hannu daga dabarar da mai haɗawa ya ƙara da kansa take fitowa.

Mai Rotax yana da ƙarin aiki ɗaya: bututun mayar da mai. Daga inda hanya ta rabu zuwa kafireta biyu, ana fitar da siririn layi mai matsattsiyar ƙofa ya koma tanki. Ta nan tururi da mai mai zafi ke ficewa, mai sanyi ya maye gurbinsu. A yanayinmu wannan layi ba abin yin shawara ba ne. Ka dai lura da tankin da yake komawa: idan kana sha daga hagu yana zubawa a dama, dama kuwa a cike take, mai zai riƙa fita ta mashaƙar tanki kana tafe ba ka sani ba.

Bututu da mahaɗai

Bututun alminiyam mai taushi, 5052-O ko 3003-O, inci 3/8, shi ne gama-gari, mahaɗansa kuma ana kiran su AN-6. Yanka shi da abin yankan bututu, ka kankare bakin ciki da waje har ya yi sumul. Zura noti da hannun riga tukuna, sannan ka buɗa bakin. Kowa ya taɓa mantawa da wannan sau ɗaya, ya yanke ya sake.

Ga tarkon da ya fi kama mutanenmu. Bakin bututun jirgi digiri 37 ake buɗa shi. Abin buɗa baki da ke hannun masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki na digiri 45 ne. Da ido ba ka rabe su, kuma zai ɗauru, har ya yi kwanaki bai zubar ba. Amma gefe ɗaya kawai ya kama, girgiza na aiki a kansa, wata rana ya tsage. Sayi na 37 tare da famfon. Bayan ka buɗa, duba bakin da madubin ƙara girma, in ka ga ko alamar tsaga, yanke.

Bakin da aka buɗa ba a shafa masa komai, ƙarfe da ƙarfe ne ke rufe shi. Mahaɗi mai zaren famfo kuwa, wanda ke ƙara matsewa yayin da ake murɗa shi, ana shafa masa ɗan man liƙi da fetur ba ya narkarwa, a bar zare biyu na farko a bushe. Farin tef ɗin masu gyaran famfon ruwa haramun ne a nan. Yana yagewa siri-siri, ya bi mai, ya je ya zauna a bawul ɗin famfo ko allurar kafireta. Ka riƙe mahaɗi da sifana ɗaya, ka ɗaure da ɗaya, bisa ƙarfin da jadawalin littafi ya faɗa. Littafin hukumar jiragen saman Amurka mai lamba AC 43.13-1B kyauta ne a intanet, kuma duk waɗannan jadawalai na ciki.

Lanƙwasa da abin lanƙwasa ake yi, kada gwiwar ta matse fiye da kusan inci ɗaya, kada kuma bututun ya baje. Kar ka ja miƙaƙƙen bututu daga mahaɗi zuwa mahaɗi kamar tsirkiya. Sa masa ɗan lanƙwasa da zai shanye motsi da miƙewar zafi. Kuma bututu ya zauna a gurbinsa da kansa kafin noti ya kama shi, ba noti ne zai jawo shi ba. A tallafe shi da kilif mai roba a ciki, kada a bar tsawon kamu ɗaya yana lilo. Inda zai ratsa allon inji, mahaɗin ƙarfe mai noti ake sawa, ba rami da roba ba. Daga allon zuwa inji kuwa dole tiyo mai lanƙwasuwa ne, tun da inji na rawa a kan kujerarsa, a bar masa sassauci kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari na tsawonsa, a sa masa rigar kare wuta mai ruwan lemo, wadda ke kuma rage masa zafi. Kafin ka haɗa kowane bututu, wanke cikinsa ka hure shi da iska. Wanda ba ka gama da shi ba, toshe bakinsa kafin ka tafi gida. Zanzaro ba ya jin kunyar gina ɗaki a bututun jirgi.

Wuta

Wannan bai da wuya. Cire negatif ɗin batir. Ja waya daga babban layin wuta zuwa fiyus ko abin katse wuta nasa shi kaɗai, daga nan zuwa makunni, daga makunni zuwa famfo. Ƙaramin Facet bai cika cin amfiya 2 ba, don haka waya mai lamba 18 ko 20 da fiyus na amfiya 5 sun wadatar. Na injin feshi ya fi ci, bi takardarsa. Wayar jirgi mai rigar Tefzel za ka sa, don ta gida idan ta ƙone hayaƙinta guba ne a rufaffen ɗaki. A matse kawunan waya da abin matsewa na ƙwarai. Ja wa famfon wayar negatif tasa har zuwa inda sauran suka taru, kada ka dogara da notin da ya riƙe shi, musamman idan akwai fenti ko roba a tsakani. Waya ta bi ta saman bututun mai da tazara, inci 6 inda hali ya yi, kuma ba a ɗaure ta a jikinsa ko da wasa. Makunni ya zauna kusa da hannun da ke riƙe da totur, da suna a rubuce, da 'yar fitila mai nuna yana kunne. Idan ba ka da gejin matsin mai, aikinka bai cika ba, domin shi ne kaɗai idonka a cikin bututu.

Gwajin bokiti

Kunna makunni ka ji ƙas-ƙas-ƙas bai nuna komai ba sai cewa wuta ta isa. Abin da ake son sani shi ne lita nawa ke isa kafireta a mafi munin hali.

Fitar da jirgi waje, da sassafe ko bayan la'asar, da abin kashe gobara a hannun mutum na biyu. A lokacin hunturu, da iska ta bushe ƙayau, mai da ke gudu cikin tiyo yana tara wutar da ke tartsatsi, irin wadda kake ji idan ka cire rigar sanyi. Don haka bokitin ƙarfe za ka yi amfani da shi, ka haɗa shi da jikin jirgi da waya, jirgin kuma ka haɗa shi da ƙarfen da aka kafa a ƙasa. Ba waya a kunne, ba janareta kusa, ba yara 'yan kallo.

Fara da neman yoyo. Zuba mai kaɗan, toshe ƙarshen layi, kunna famfo, ka bi kowane mahaɗi da farar takarda. 100LL na barin shuɗin tabo, fetur kuwa sai ka haɗa da hanci. Amma ka tuna da manomin Kwalkwalawa: mahaɗin da ke kafin famfo ba lallai ya ɗiga ba, iska yake sha. Alamarsa ita ce kumfa da ba ta ƙarewa a man da ke fita, da allurar geji mai rawa. Sa ɗan guntun tiyo mai haske a ƙarshen layi don gwajin kawai, ka zuba ido. Lita biyu ko uku na farko ka tace su ta farin ƙyalle ka ga abin da ya fito. Kusan kullum akwai ɓarɓashin alminiyam.

Sannan a ɗaga hancin jirgi ya kai kusurwar hawa mafi tsanani da zai yi, a ƙara digiri 5. Wasu na haƙa rami su sa wutsiya a ciki, wasu su hau da tayoyin gaba kan katako. Ko wanne ne, a sa waigi a ɗaure. A bar mai kaɗan a tanki, kamar na ƙarshen tafiya. Cire tiyo daga bakin kafireta, ka riƙe shi a daidai tsayin da yake zaune, kada ka sauke shi ƙasa zuwa bokiti, don saukewar na taimaka masa ya ba ka lissafin ƙarya. Kunna famfo, ka auna da agogo.

Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce: tsarin famfo ya ba da kashi 125 cikin ɗari na abin da inji ke sha a cikakken totur, tsarin da mai ke gangarowa da kansa daga fiffiken sama kuma kashi 150. Rotax 912 ULS mai ƙarfin doki 100 yana shan lita 27 a awa wajen tashi. Kashi 125 ɗinsa ya kama kusan lita 34 a awa, wato ka ga fiye da rabin lita kowane minti. Lycoming mai doki 180 kuwa, idan ka yi lissafi da laba 0.55 ga kowane doki a awa, ka samu laba 99, wajen lita 62. Da ƙarin ya zama lita 78 a awa, lita 1.3 a minti. Wanda ke son gaskiyar da ta fi wannan, sai ya sa ɗan bawul a bakin tiyon, ya riƙa matse shi har geji ya nuna mafi ƙarancin matsin da inji ke karɓa, sannan ya auna, saboda famfo na zubar da yawa idan ba abin da ya tare shi.

Yi wa kowane tanki nasa. Ka kuma bar shi ya ci gaba har mai ya fara yankewa, sannan ka zuƙe abin da ya rage a tanki ka auna: wannan shi ne man da ba naka ba ne, ko da geji ya nuna yana nan. Rubuta duka a littafin jirgi. Ni kuma ina ƙara gwaji ɗaya da littafi bai tilasta ba. A bar jirgi a rana har azahar, fiffike ya yi zafin da ba ka iya ɗora tafi, a maimaita awon da irin man da za a tashi da shi. Idan adadin ya faɗi, ko kumfa ta bayyana, ka koma kan wurin zaman famfo da hanyar da ke gabansa, can matsalar take.

Tun da an zo kan mai: na jarka a bakin titi, na 'yan bumburutu, ba ya shiga jirgi. Ba mu manta da fetur mai yawan methanol da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 ya lalata motoci ba. Gwada kowane saye: zuba ruwa kaɗan a kwalba, ka yi alama a inda ya tsaya, ka cika da fetur, ka girgiza, ka bari ya kwanta. Idan ruwan ya haura alama, akwai barasa a man. Rotax ya yarda da ethanol, wato nau'in barasa, har kashi 10, amma tankinka da tiyonka fa? Kuma 912 ULS na buƙatar oktan 95, kada ka ɗauka kowane gidan mai na da shi.

Tayar da inji da tashin farko

Mayar da tiyo, ɗaure, sake duba yoyo. Kunna famfon agaji kafin tayarwa har geji ya hau ya tsaya. Da inji ya kama, kashe shi, ka ga famfon inji ya riƙe matsi shi kaɗai. In ka bar na agaji a kunne tun daga rumfa har titi, zai rufa wa mataccen famfo asiri. A ɗaure jirgi, a ba shi cikakken totur, a gwada a kunne da a kashe, a tabbata matsin bai haura iyaka ba idan su biyun suna aiki tare. Kashe inji, jira rubu'in awa murfi a rufe, sake tayarwa ka ga yadda matsi zai yi da zafi. Wannan shi ne halin da za ka riƙa samun kanka a ciki duk ranar da ka sauke fasinja ka juya.

Famfo da bututu sun ƙara nauyi, sai a gyara lissafin nauyi da daidaito. Kuma jirgi, ko a tsakar gidanka ka haɗa shi, ba ya tashi sai da rajista mai 5N, alamar jiragen Najeriya, da izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa. Nemi injiniyan jirgi mai lasisi ya bi layin man nan da idonsa da hannunsa tun kafin ka rufe murfi. Irin waɗanda kwalejin koyon aikin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ke yayewa suna nan a filayen jiragenmu, kuma idon da bai yi aikin ba yana ganin abin da naka ya saba da shi.

A sama, ƙa'idar jirgi mai fiffike a ƙasa ita ce a kunna wajen tashi, wajen sauka, wajen sauya tanki, da duk lokacin da matsi ya faɗi ko inji ya yi tari. Kada ka kashe shi da zarar taya ta bar ƙasa. Bari sai ka kai tsayin da in inji ya tsaya za ka iya komawa fili, ƙafa 1,000 ko fiye, sannan ka kashe idonka na kan geji, yatsanka bai bar makunni ba. In allura ta yi ƙasa, mayar da shi, ka juyo gida. Tashin farko a yi shi da sanyin safiya, ana kewaya saman fili, sai an ga halinsa sannan a riƙa matsawa zuwa hantsi da azahar.

Bayan awa biyar na farko, buɗe mataci ka wanke, don a lokacin ne dattin gini ke gama fitowa daga tanki. Bi mahaɗai da sifana da farar takarda. Tiyon roba kuma ka rubuta ranar da ka sa shi a jikinsa: Rotax ya ce a sauya nasa duk shekara 5, amma wanda ke kwana a rumfar kwano a Sakkwato, ka riƙa matsa shi da yatsa a kowane dubawa, da ka ji ya fara tauri ka cire shi.